Ranar da Aka Aike Ni Ɗibar Teku

Wata bakwai na yi a Faransa kafin in ga teku, kuma da an bar ni da zaɓina, da har yau ban gan shi ba.

Sunana Ramatu, ƴar Maraɗi ce ni. Bayan na gama kwaleji, ƙanwar babana Hajiya Indo, wadda muke ce wa Gwaggo, ta aiko a kawo ni Lyon in shiga lakwal, wato makarantar koyon aikin jinya. Haka ta faɗa wa babana, haka shi ma ya faɗa wa duk unguwa. Ranar da na sauka, tun ban cire takalmi ba, ta ce in miƙo fasfona da takardar kwalejin ta adana mini, wai ƙasar nan ɓarayi sun yi yawa. Ta zura su cikin baƙar jakarta ta hannu ta rufe. Jakar nan ko bayi za ta shiga da ita take shiga.

Gidan yana unguwar Les Minguettes, hawa na goma sha ɗaya, kuma asansar ɗin da ke hawa da mutane ya fi yawan kwana a lalace. Ni ce mai wanki, ni ce mai tuwo, ni ce mai sauko da bandiran atamfa a ka zuwa kantin Gwaggo. In na ce, "Gwaggo, yaushe za mu je lakwal ɗin?" sai ta ce, "Ke dai kin cika gaggawa. Lakwal ɗin ƙafa gare ta da za ta gudu?" Wata maƙwabciyarmu Balarabiya ce ta gaya mini gaskiya a kan bene: ƙarshen Satumba ake rufe rubuta suna, kuma wanda bai zo da takardunsa ba ko kujera ba a ba shi. In ya wuce, sai wata shekara. Ni kuwa na san wata shekarar ma haka za ta wuce, ina hawa ina sauka da atamfa.

Mijin Gwaggo, Alhaji Mamman, yana da ɗan kati da aka rubuta masa shigo da kaya da fitar da kaya. Abin da na ga yana shigowa da shi shayi ne, abin da yake fitarwa kuma labari. Duk baƙon da ya zauna sai ya ji yadda Alhaji ya yi shekaru a tashar jiragen ruwa ta Kwatano, da yadda ya san Lome kamar ɗakin uwarsa.

A damina ta shekarar kasuwar Gwaggo ta ja baya. Wata mata ƴar Cadi ta buɗe kanti a bayan layinmu, kayanta da sauƙi, kuma tana yi wa mutane fara'a. Gwaggo ta ce ɗaure ta aka yi. Ni da nake tsaye a kantin kullum na san abin da ya ɗaure kasuwar, bakin Gwaggo ne, don mace ba ta taya zane sau biyu ba ta sha baƙar magana ba. Amma ba a tambaye ni ba.

Sai muka hau jirgin ƙasa, ni da Gwaggo da Alhaji, zuwa Paris wajen malami.

Malamin yana La Courneuve, cikin dogayen gidajen nan da in ka ga ɗaya ka ga duka. Ɗan Garwa ne, mai ƙiba, da agogon zinariya. A falonsa mata sun kai goma suna jira, talabijin na ta yi ba mai kallo. Da aka shigar da mu, ya jawo faranti cike da yashi ya shiga zane da yatsa. Na ƙura wa yashin ido. Irin wanda ake zubawa a filin wasan yara na ƙasan gidan ne, har da guntun leda a ciki.

Ya ɗago ya ce, "Hajiya, an zauna miki a bakin ƙofa. Ba abin da zai tayar da shi sai ruwan teku."

"Allah gafarta malam, ai na faɗa. Na faɗa wa Alhaji."

"Amma da sharaɗi. Budurwa za ta ɗebo, da ƙoƙon nan, ba da wani abu ba. A wurin da ido ba ya hango gini ko ɗaya. Kuma daga lokacin da ta fara ɗiba har ta miƙa miki a hannu, ba waiwaye, ba magana."

Duk suka juyo suka dube ni. Tun zuwana ƙasar ba a taɓa dubana haka ba, kamar an tuna ina da amfani. Daga baya na ji cewa malamin nan shi kansa ta tagar jirgin sama kawai ya taɓa hango teku.

Muna saukowa Gwaggo ta dafa kafaɗata. "Ramatu ɗiyata, ki ɗebo mini ruwan nan, ran Litinin da ƙafata zan kai ki lakwal." Saura kwana tara a rufe rubuta suna. Na ce to.

Muka kwana Bobigny gidan wani abokin Alhaji, ya ara mana tsohuwar motarsa da bido na lita ashirin, irin farin na roba mai marfi. Da safe muka nufi arewa. Alhaji ke tuƙi, taswira a hannuna don ni ce mai karanta ta, amma duk inda na ce dama sai ya yi gardama tukuna, ya wuce, sa'an nan ya juyo yana cewa Turawa ba su iya sa alama ba.

Bakin teku na farko da muka isa gidaje ne jere da otal-otal. Na biyu ma haka, ga mutane kwance rabi tsirara cikin sanyin nan suna jiran rana. Gwaggo ta rufe fuska da mayafi tana a'uzubillahi, ta tsakanin yatsu kuma tana ba mu labarin abin da ba ta gani ba. A gidan mai na tambayi wani mutum, ya ce mu ƙara gaba, akwai wurin da gwamnati ta hana gini saboda tsuntsaye.

Kwalta ta ƙare, muka bi turɓaya, ita ma ta ƙare a gindin wasu tuddan rairayi masu busasshiyar ciyawa. Ba rumfa, ba famfo, ba bayi, ba mai sayar da ko gyaɗa. Sanda ɗaya ce da allo. Muka hau tudun, na duba, na ce a raina wannan ne? Fili ne shimfiɗe na jiƙaƙƙen yashi mai launin toka, yana warin ruɓaɓɓen kifi, iska na dukan kunne. Tekun kansa can nesa, wani siririn layi kamar bakin faranti. Ƙasar da ta tara mu hawa goma sha ɗaya a kan juna don babu wuri, ita ce ta bar wannan duka wa tsuntsaye su yi kashi. A Maraɗi ko akuya aka kai irin wurin nan sai ta yi fushi.

Na koma na karanta allon. An rubuta cewa ruwa yana dawowa da sauri, kada a yi nisa ba a duba lokacinsa ba. Sai na tuna darasin da aka yi mana a kwaleji, cewa akwai tekun da ke janyewa ya dawo sau biyu a rana. Na ci jarrabawa a kansa ma, ban taɓa zaton abu ne da ke faruwa da mutane ba.

Na ce, "Alhaji, an rubuta ruwan nan yana dawowa."

"Yana dawowa daga ina? Kasuwa ya tafi?"

"Janyewa ya yi. Duk filin nan nasa ne."

Ya yi dariya har da riƙe hula. "Hajiya, ji ƴar lakwal. Ke, teku ba a takarda ake saninsa ba. Shekara nawa na yi a Kwatano? Inda na bar shi da safe nan nake tarar da shi da yamma."

Mutum ɗaya ce a duk filin, wata tsohuwar Baturiya da dogayen takalman roba har cinya, tana tonon ƴan ƙananan katantanwa da manjagara tana zubawa a bokiti. Da ta ga bido a hannuna ta matso, ta dubi agogonta, ta nuna wata ƴar ƙorama da ta ratsa yashin can gaba. Ta ce kada in ƙetare ta, nan da awa ɗaya ruwa zai juyo. Na fassara musu.

Alhaji ya ce, "Tsoro take kar mu kwashe mata katantanwa. Ce mata mu ba ma cin ƙazanta."

Ban ce mata ba. Na dubi Gwaggo, ita kuma ta riga ta shimfiɗa darduma a gindin tudu, ta zauna, ta ɗora jakar a cinya ta rungume. Ta ce, "Yi sauri mana, sanyi nake ji." Na dubi jakar. Na ɗauki bido da ƙoƙo.

Alhaji ya raka ni har bakin ƙoramar. Ruwanta bai wuce idon sawu ba, amma takalmansa na Italiya ne, don haka ya ce nan zai tsaya ya tsare mini hanya. Na cire nawa na ƙetare.

Na yi tafiya mai nisa kafin in kai ruwan. Sanyinsa kamar ana yanka ƙafa da reza. Ga shi ba zurfi, ƙoƙon malam kuma ɗan mitsitsi, irin na shan fura, kowace ɗiba rabi yashi. Na duƙa ina zubawa ta ƙaramin bakin bidon, ina zubawa, hannuna ya mutu. Can sai na ga ɗibar ta yi sauƙi, ƙoƙon yana cika da kansa, ruwan ya kai mini ƙwauri ba tare da na matsa ba. Wallahi har daɗi na ji. Na ce Allah ya kawo sauƙi.

Na rufe marfi, na naɗa gammo da ɗankwalina, na ɗora a ka, na juyo.

A bayana akwai wani sauti, shuuu, kamar ana zazzage buhun gero a kan tabarma, ba ya tsayawa. An ce kada in waiwaya, ban waiwaya ba. Ni da na karanta allo, ni da na ci jarrabawa, na bi maganar mai yashin filin wasan yara. Wannan ne abin da har yau in na tuna nake jin haushin kaina fiye da na kowa. Ruwa ya taɓa dugadugaina. Na ƙara sauri. Ya wuce ni ta dama, ya wuce ni ta hagu, yana gudu a kan yashin kamar an kore shi, ni kuwa da lita ashirin a ka.

Da na iso inda ƙoramar take, babu ƙorama. Gulbi ne, kamar na garinmu a tsakiyar damina, ruwan yana murɗawa yana gudu gefe guda. Ina tsaye a kan ɗan tudun yashi da bai fi faɗin ɗaki ba, shi ma yana raguwa. Na nemi mai tsare mini hanya. Can na hango shi, ya tattare babbar riga har ƙugu, takalma a hannu, yana zabga gudu wajen tudu. Ban taɓa sanin Alhaji yana da gudu ba.

Tsohuwar ce a ƙetare. Ta yar da bokitinta ta shigo ruwa har gwiwa tana ɗaga manjagara, tana ƙwala mini kira. Iska na kwashe rabin maganar, amma na ji. Ta ce in zubar da ruwan, in rufe marfin da ƙarfi, in rungume bidon in shigo.

Na tsaya. Ba zan ɓoye ba, na tsaya ina tunani, ruwa yana hawa gwiwata. Abin da ke kaina ba ruwa ba ne a wurina, ran Litinin ne, farar rigar jinya ce, wasiƙar da zan rubuta wa babana ce. Har na gwada taku ɗaya da shi a ka, yashin ya zame a ƙarƙashina kamar an ja tabarma, na koma da baya da ƙyar. Tsohuwar ta sake yin ihu, wannan karon da zagi.

Na sauke, na buɗe, na tuntsurar. Ruwan yana fita yana ɓulɓul, a hankali, kamar ba shi da labarin abin da ake ciki. Na mayar wa teku kayansa, na murɗa marfi har tafina ya yage, na rungume bidon a ƙirji, na yi salati da ƙarfi, na shiga.

Taku uku ƙasa ta ɓace. Ban iya ruwa ba, a ina zan koya? Abin da na sani shi ne sanyi ya matse mini ƙirji har numfashi ya ƙi shiga, ruwa ya juya ni, na ga sama, na ga toka, na sha gishiri ta hanci. Bidon yana ta ƙoƙarin kuɓucewa ta saman kaina, ni kuma na sa haƙori a hannunsa. Zanena ya naɗe mini ƙafafu. Na kira inna, wadda ta rasu tun ina aji uku. Ban san tsawon lokacin ba. Sai na ji wani abu ya ƙwale ni a kafaɗa da zafi, haƙoran manjagara ne, sun kama rigata. Ta ja ni kamar yadda take jan katantanwarta.

Ba ta bar ni na kwanta ba. Ta buga bayana na amayar, ta cire rigar sanyinta ta yafa mini, ta kama hannuna muka yi ta gudu, ruwa na bin mu. Tana ta faɗa, ni ba na fahimta, sai kalma ɗaya da take maimaitawa, ƴata, ƴata. Bokitinta da wahalar yininta duk teku ya tafi da su. Ko sunanta ban tambaya ba.

Muka iso gindin tudu. Alhaji yana tsaye yana haki, yana gaya wa Gwaggo cewa ya taho neman taimako ne. A wurin wa, ban sani ba, wataƙila tsuntsaye. Gwaggo ta miƙe, ta dube ni tun daga sama har ƙasa, haƙorana na kaɗawa, jini na bin kafaɗata. Ta karɓi bidon ta girgiza.

"Ina ruwan?"

Na ƙara ƙudundunewa cikin rigar sanyin.

"Ramatu, da ke nake. Tun daga Lyon muka taso, ki zo mini da bido wayam?"

Alhaji ya ce, "Ai na faɗa mata ta yi sauri. Yaran yanzu ba sa jin magana."

Na zauna a kan yashi. Muna nan, tsohuwar tana goge mini kafaɗa da hankicinta, sai ga tekun ya iso. Duk filin nan da na taka ya shafe, ruwa yana lasar yashi taku ashirin daga dardumar Gwaggo. Da mun zauna mun sha shayi awa biyu, da ya zo ya same mu har inda muke. Ba wanda ya faɗi haka a cikinsu. Na jira in ji, ba wanda ya faɗa.

Gwaggo ce ta fara magana, muryarta ta yi laushi. "To ai ga shi Allah ya kawo shi kusa. Tashi ɗiyata, ki sake ɗebowa. Nan da nan ne."

Na dubi ruwan. Sa'an nan na dubi su biyun. Babu wata budurwa a wurin sai ni, kuma babu wata da za su samu ta biyo su har nan. Na miƙa hannu wajen jakar.

"Gwaggo, ba ni takarduna."

"Wane irin takardu ana zaune lafiya? Na ce miki ran Litinin."

"Yanzu."

"Ke, ni kike yi wa ciniki? Ni da na ɗauko ki daga..."

"Gwaggo, in ban riƙe su a hannuna ba, ko ƙoƙo ɗaya ba zan ɗiba ba. Alhaji ya ɗebo miki, shi da ya san teku."

Alhaji ya shiga kakkaɓe takalmansa. Gwaggo ta kira ni mara kunya, ta kira ni butulu, ta ce za ta rubuta wa babana. Na ce ta rubuta, ni ma na iya rubutu, kuma ni ba sai an karanta mini amsa ba. Ta ƙara matse jakar. Iska na kaɗa mayafinta. Can ta buɗe jakar, ta tona ƙarƙashin turare da goro, ta fito da su cikin wata leda ta jefa mini a cinya.

Hannuna jiƙe yake. Na ɗauki ledar na miƙa wa tsohuwar, na roƙe ta da Faransanci ta riƙe mini har in dawo. Gwaggo ta ga haka, ta kuma gane abin da nake nufi, don fuskarta ta canja fiye da lokacin da na fito daga ruwa.

Taku ashirin ɗin nan sun fi mini tafiyar farko tsawo. Na tsuguna a inda ruwan ke ƙarewa, duk zuwan da ya yi sai in ja da baya. Ƙoƙon malam ya tafi, don haka da kofin shayin Alhaji na ɗiba, ba wanda ya ce sharaɗi ya karye. Na zuba abin da bai kai rubu'in bido ba, rabinsa kumfa da ciyawa, na kawo na dire a gaban Gwaggo. Na karɓi ledata. Tsohuwar ta ce in bar rigar sanyin a jikina, ta juya ta bi bayan tudu, ba bokiti.

A mota ledar tana cikin rigata, manne da fata. Kafin mu kai Paris Alhaji ya ɓata hanya sau biyu, ni kuma na bar shi.

An wanke bakin ƙofar kantin da ruwan har safiya uku. Ya bar farin tabo a dakali, ƴar Cadi kuma tana nan tana cinikinta. Gwaggo ba ta kai ni lakwal da ƙafarta ba, ba ta ma yi mini magana ba sai da aka kwana goma. Ni kaɗai na hau bas ran Litinin. Har yanzu a gidanta nake, ina yi mata tuwo da wanki in na dawo, kuma har yanzu ba na iya tsayawa kusa in ana tara ruwa a bahon wanka. Sautin ne. Sai in fita in tsaya a bene har a kashe famfo.

A ofishin lakwal ɗin, matar da ke rubuta suna ta duba fasfo, ta duba takardar kwaleji, ta turo mini wata takarda ta nuna inda zan sa hannu. Na ɗauki alƙalami, hannun ya ƙi tsayawa, na ɓata wurin. Ta dube ni ta saman tabarau, ta tambaya ko sanyi nake ji. Na ce e. Ta ciro sabuwa ta ba ni. Na biyun ma bai yi kama da sa hannuna ba, amma ta buga hatimi.